Nasarar Giants a kan Patriots: sa'a ce ko iyawa?

Auwalu Fagge, Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida manya da ƙanana na wannan zaure, musamman yayyenmu da iyayenmu mazauna Amurka, domin tambayata gare su take.

A daren Lahadi, 3 ga Fabrairu, 2008, bayan Gana ta fitar da Najeriya da ci 2-1 a gasar cin kofin Afirka, barci ya ƙi zuwa mini, sai na zauna ina sauya tashoshin tauraron ɗan'adam har na faɗa kan wasan ƙarshe na ƙwallon ƙafar Amurka, wanda ake kira Super Bowl, ana yin sa a jihar Arizona tsakanin New York Giants da New England Patriots. Ban san ƙa'idojin wasan sosai ba, amma ya ɗauki hankalina har na kalle shi zuwa ƙarshe. Giants ta ci 17-14, kuma na ga ƙarti majiya ƙarfi suna kuka a fili, wasu don murna, wasu don takaici. Tun daga ranar, duk inda na leƙa a intanet ana cewa an daɗe ba a ga abin mamaki irin wannan ba a wasannin Amurka.

Abu biyu nake so a fayyace mini. Na farko, me ya sa tazarar maki uku kacal ta zama abin da ake ta jinjinawa haka, alhali ƙungiyoyin biyu duk sun kai wasan ƙarshe? Na biyu, wannan ɗan wasa da ya cafe ƙwallo ya danne ta a kan hular kwanonsa yana faɗuwa, a ganina da ƙwallon ta sulluɓe da labarin ya sauya. Shin Giants ta fi Patriots wasa ne a wannan dare, ko kuwa sa'a ce ta zo mata a minti na ƙarshe? Ina roƙon wanda ya san wasan ya yi mini bayani dalla-dalla.

Malam Sabi'u, Bronx, Niyok

Wa alaikumus salam. Ƙanena Auwalu, tambayarka ta same ni bakina cike da magana, domin jiya Talata ina cikin dubban mutanen da suka cika titin Broadway inda aka zagaya da 'yan wasan a kan manyan motoci, ma'aikata suna watso yankakkun takardu daga tagogin benaye, kuma har yanzu muryata ba ta gama dawowa ba. Ni mai goyon bayan Giants ne tun zuwana garin nan, na kuma sha takaicin shekarar 2001 lokacin da Baltimore Ravens ta yi mana 34-7 a wasan ƙarshe, saboda haka ka karanta maganata da sanin inda zuciyata take.

Ƙa'idar wasan a taƙaice ita ce, kowane ɓangare yana da mutum goma sha ɗaya a fili, kuma mai riƙe da ƙwallo yana da yunƙuri huɗu ya ci yadi goma. In ya ci a sake ba shi huɗu, in ya kasa ƙwallo ta koma hannun abokin hamayya. Kai ƙwallo gidan ƙarshe, wato tacdawun, maki shida ne, da ƙarin ɗaya idan an buga ta tsakanin sanduna, bugun sanduna shi kaɗai kuma maki uku ne. Duk harin yana rataye ne a wuyan mai jifa, wato kwatabak.

Don ka gane girman abin, sai ka san wace ce Patriots ta bana. Ƙungiyoyi 32 ne a NFL, babbar gasar wannan wasa a Amurka, kuma kowacce ta yi wasa 16 a kakar 2007. Patriots ta ci duka 16, abin da ba a taɓa yi ba tun da aka mayar da kakar zuwa wasa 16 a 1978, sannan ta ci biyu a zagayen sili ɗaya ƙwale, ta zo Arizona da nasara 18 babu faɗuwa ko ɗaya. Miami Dolphins ta 1972 ce kaɗai ta taɓa gama shekara haka har da kofi, ita ma a wasa 17. Patriots ta tara maki 589, kusan 37 a kowane wasa. Mai jifanta Tom Brady ya jefa tacdawun 50, mai cafewarta Randy Moss shi kaɗai ya cafe 23, kuma duka alƙaluman nan uku sababbin tarihi ne. Ga kofuna uku da ta riga ta ɗauka a 2002 da 2004 da 2005 a ƙarƙashin koci Bill Belichick. Masu caca na Las Vegas sun ƙaddara za ta ci mu da tazarar maki 12.

Mu kuwa mun fara kakar da faɗuwa biyu a jere, a hannun Dallas da Green Bay, aka zura mana maki 80 a wasanni biyun. Jaridun garin nan sun yi ta kiran a kori koci Tom Coughlin. Mai jifanmu Eli Manning, ƙanen Peyton Manning mai jifan Indianapolis Colts, an ƙwace masa jifa 20 a kakar, huɗu daga ciki a rana ɗaya da Minnesota ta yi mana 41-17 a gidanmu, kuma fasinjojin da nake ɗauka a mota a watan Nuwamba ba su da wata hira sai cewa yaron nan ba zai taɓa kai ƙungiya ko'ina ba. Mun gama da nasara 10 da faɗuwa 6, muka shiga zagayen ƙarshe ta ƙaramar ƙofa, wanda ke nufin duk wasanninmu a gidan wasu za a yi su. Muka ci Tampa Bay 24-14, muka ci Dallas 21-17, sannan muka je Green Bay cikin sanyin da ya kai wajen digiri 18 ƙasa da sifili, inda mai bugunmu Lawrence Tynes ya ɓarar da bugu biyu a kashi na huɗu, wato na ƙarshe, kafin ya ci na yadi 47 a ƙarin lokaci, aka tashi 23-20.

Amma ranar da na fara yarda da yaran nan ita ce 29 ga Disamba. Wasan ƙarshe na kaka ne, da Patriots ɗin nan, kuma matsayinmu ya riga ya tabbata, ci ko faɗuwa ba zai ƙara mana komai ba. Mutane da yawa sun ce Coughlin ya hutar da manyan 'yan wasansa kada su ji rauni. Ya ƙi, ya fito da kowa, muka yi gaba da 28-16 a kashi na uku kafin su juyo su ci mu 38-35. Mun faɗi, amma 'yan wasanmu sun fita daga filin sun taɓa jikin Patriots sun ji nama ne da jini.

Yanzu ga amsar tambayarka ta biyu. Ƙungiyar da ta saba cin maki 37 aka tsayar a kan 14, mafi ƙaranci da ta ci a shekarar gaba ɗaya, kuma wannan ba aikin hular kwano ba ne. Aikin mutanen layin gaba na masu tsaronmu ne: Michael Strahan, Justin Tuck, da Osi Umenyiora, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, aka haife shi a Landan, ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Najeriya kafin ya koma Alabama. Matsalar da kowa ya fuskanta da Brady bana ita ce, in ka tura mutane da yawa su kama shi, sai ka bar fili a baya ya jefa wa Moss ko Wes Welker; in ka ja da baya kuma, sai ya tsaya ya zaɓi wanda yake so. Mu muna da mutum huɗu da ke iya isa gare shi ba tare da taimako ba, saboda haka mai tsara tsaronmu, Steve Spagnuolo, ya iya barin sauran a baya a lokuta da yawa. A kaka guda sau 21 kacal aka kayar da Brady kafin ya saki ƙwallo. A daren nan sau biyar aka kayar da shi, ban da bugun da ya sha bayan ya saki. Tuck ya kayar da shi sau biyu, a na biyun ya fizge ƙwallon gab da hutun rabin lokaci, Umenyiora ya faɗa a kanta. Gudu da ƙwallo kuma yadi 45 kawai suka samu a dukan wasan. Ko harinmu na farko da ka gani, wanda ya ƙare da maki uku kawai, ya cinye minti 9 da daƙiƙa 59, Brady yana zaune a benci yana kallo.

Shi kuwa David Tyree, mai cafewar da ka gani, ƙwallo huɗu kacal ya cafe a kakar gaba ɗaya, domin aikinsa na yau da kullum shi ne bin 'yan wasan da aka bugo wa ƙwallo ya tare su. Mahaifiyarsa ta rasu a watan Disamba. Shi ne ya ci tacdawun ɗinmu na farko a daren, wanda ya mayar da mu gaba 10-7. Da Moss ya mayar da su gaba 14-10, saura minti 2 da daƙiƙa 42, falon da muke kallo ya yi tsit, wani dattijo a cikinmu ya ɗauki rigar sanyinsa ya tsaya a bakin ƙofa. Yana nan tsaye lokacin da masu tsaron Patriots Jarvis Green da Richard Seymour suka riƙe rigar Eli, ya murɗe ya kuɓuce, ya ja da baya ya wurga ƙwallo tsakiyar fili. Tyree ya yi tsalle, Rodney Harrison yana maƙale da shi yana dukan hannunsa, ya danne ƙwallon da hannun dama a kan hularsa, ya faɗo da baya a kan Harrison, ƙwallon ba ta taɓa ƙasa ba. Yadi 32 ke nan. Daga nan Steve Smith ya ceto mu a yunƙuri na uku da ake neman yadi 11, sannan Plaxico Burress, wanda ya yi kakar nan da ciwon idon sawu, ya yaudari Ellis Hobbs ya cafe ta a kusurwar hagu, saura daƙiƙa 35. Dattijon nan ya durƙusa a wurin yana ta hamdala, rigar tana hannunsa.

Hajiya Binta, Boston

Malam Sabi'u, ina taya ku murna, kuma daga zuciyata nake faɗa, ko da yake gidana bai ga walwala ba tun daren Lahadi. Ƙaramin ɗana, wanda tun yana firamare bai san Patriots da komai ba sai ɗaukar kofi, ya kwana da rigarsa mai lamba 12 ta Brady yana shessheƙa, kuma da safiyar Litinin a asibitin da nake aiki kowa ya yi aikinsa ba tare da ya ɗago maganar ba.

Ɗana Auwalu, duk abin da Malam ya faɗa game da masu tsaron Giants gaskiya ne, na gani da idona, amma ya bar maka rabin labarin. A harin ƙarshen nan da yake yabo, sau nawa wasan ya kusa ƙarewa? A yunƙuri na huɗu da ake neman yadi ɗaya, da ƙyar Brandon Jacobs ya samu. Jifan da ya zo daidai kafin na Tyree, Eli ya wurga shi inda babu ɗan wasansa, ya taɓa hannayen mai tsaronmu Asante Samuel, wanda yake cikin gwanayen ƙwace jifa a gasar, ya sulluɓe. Da ya riƙe, da wasa ya ƙare a nan, kuma da yau ana kiran Patriots ƙungiyar da ta fi kowace a tarihi. A kan jifan Tyree ma, alƙalin wasa Mike Carey yana da ikon busa usur da zarar ya ga an riƙe mai jifa ba shi da mafita. Bai busa ba, kuma ba na cewa ya yi kuskure, amma wani alƙalin zai iya busawa. Sannan wurga ƙwallo sama tsakiyar fili bayan ka rikice abu ne da kowane koci yake hana mai jifansa. Tun a kashi na biyu ma, ƙwallo ta suɓuce wa Giants, ɗan wasanmu ya faɗa a kanta, Ahmad Bradshaw ya fizge ta a ƙarƙashin tarin mutane. Idan abubuwa irin waɗannan suka taru duk suka faɗa ɓangare ɗaya a wasan da aka tashi da tazarar maki uku, ba zalunci ba ne a ambaci sa'a.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa daga gidanmu yake. A kashi na uku, muna gaba 7-3, muna kan yadi 31 daga gidan Giants, a yunƙuri na huɗu da ake neman yadi 13, Belichick ya ƙi tura Stephen Gostkowski ya gwada bugun maki uku, ya sa Brady ya yi jifa, ƙwallon ta fita waje. Filin nan a rufe yake, babu iska babu ruwa, kuma da maki uku aka ci mu. A jifan ƙarshe ma ya tura mutane su kama Eli, ya bar Hobbs shi kaɗai da Burress wanda ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba. Mutumin da ya kawo mana kofi uku ba zan raina shi a dare ɗaya ba, amma waɗannan shawarwari biyu nasa ne. Ban kuma ji daɗin yadda ya bar filin saura daƙiƙa ɗaya ba, 'yan wasansa suna tsaye suna jiran a ƙarasa.

Akwai kuma dalilin da ya sa murnar ta wuce Niyok, wanda Malam bai ambata ba. A watan Satumba an kama wani ma'aikacin Patriots yana ɗaukar bidiyon alamun da kociyoyin New York Jets suke yi wa 'yan wasansu. Hukumar NFL ta ci Belichick tarar dala 500,000, ta ci ƙungiyar 250,000, ta kuma ƙwace mata zaɓen zagayen farko na sababbin 'yan wasa. Laifi ne, kuma an hukunta. Amma tun daga nan sai aka ɗauki kowace nasararmu da zargi, aka riƙa cewa muna tara maki don wulaƙanta mutane, har yawancin ƙasar ta zama mai goyon bayan duk wanda zai kayar da mu. Mu ma mun san daɗin da kuke ji, Malam, domin a 2002 mu ne aka ce St. Louis Rams za ta ci da tazarar maki 14, muka ci ta 20-17. Kofunanmu uku duk da tazarar maki uku muka ɗauke su, kuma a lokacin ban taɓa yarda wani ya ce mini sa'a ce ba.

Injiniya Mamman, Maryland

Gaisuwa ga Hajiya da Malam. Ni ba na ɓangaren kowa a cikin biyun, kuma ina ganin akwai abin da Auwalu yake bukatar sani game da tsarin gasar kanta, domin shi ne yake sa irin wannan ya yiwu.

A Turai mun saba ganin ƙungiyoyi ƙalilan masu kuɗi suna saye gwanaye suna riƙe kofi shekara da shekaru. NFL an gina ta ne don hana hakan. Akwai iyakar abin da kowace ƙungiya za ta biya na albashi, wanda a kakar 2007 ya kama wajen dala miliyan 109, kuma wajen zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, wadda ta zo ƙarshe a bara ita take fara zaɓa. Saboda haka tazarar da ke tsakanin ƙungiya mai nasara 16 da mai nasara 10 ba ta kai yadda alƙaluma suke nunawa ba. Ga shi kuma zagayen ƙarshe wasa ɗaya ne tak, ba kamar ƙwallon kwando ta NBA ba inda ake iya karawa har sau bakwai, mai ƙarfi ya sami damar gyara kuskurensa.

Na biyu, Patriots ta watan Fabrairu ba ita ce ta watan Oktoba ba. A farkon kaka tana cin mutane da tazara mai yawa, har ta yi wa Washington 52-7. Daga ƙarshen Nuwamba abin ya fara matsewa: Philadelphia 31-28, Baltimore 27-24 da ƙyar a daƙiƙun ƙarshe, Giants 38-35, kuma a wasan kusa da na ƙarshe da San Diego an ƙwace wa Brady jifa uku, aka tashi 21-12. Kowace daga waɗannan ƙungiyoyi ta nuna wani ɓangare na hanyar, Giants kuma ita ce take da 'yan wasan da za su bi hanyar har ƙarshe, domin ita ta fi kowa kayar da masu jifa a kakar, sau 53. Wanda ya dubi waɗannan abubuwa zai ga tazarar maki 12 da masu caca suka sa ta yi yawa. Har yanzu ba ta kai ta 1969 ba, lokacin da aka ce Baltimore Colts za ta ci New York Jets da maki 18, Joe Namath ya yi alkawarin nasara a bainar jama'a, Jets ta ci 16-7. Abin da ya ɗaga na bana shi ne nasara 18 ɗin da aka karya.

A ganina Hajiya da Malam suna magana ne a kan lokuta daban-daban na wasa ɗaya. Minti biyun ƙarshe akwai sa'a a cikinsu, babu mai musun wannan. Amma abin da ya sa Giants take bayan maki huɗu kawai a lokacin, maimakon ashirin, aikin masu tsaro ne na minti 57. Saboda haka ma nake ganin kyautar gwarzon wasa Justin Tuck ya kamata a ba, ba Eli Manning ba. Masu zaɓe sun saba ba mai jifa, kuma labarin wa da ƙane suna karɓar ta a jere, Peyton bara, Eli bana, ya yi musu daɗi.

Malam Sabi'u, Bronx, Niyok

Hajiya, na gode da taya murna, Allah ya sanyaya zuciyar yaron. Ban musa maganar Samuel ba, ƙwallon ta taɓa hannunsa, kuma zuciyata ta tsinke a lokacin. Sai dai ya yi tsalle ne iya tsawonsa a bakin layi, kuma ko ya riƙe sai ya sauke ƙafa biyu a cikin fili. Game da Tyree kuma, hula ba ta riƙe ƙwallo. Ƙarfin hannu ne ya riƙe ta yayin da ɗaya daga cikin mafi zafin masu tsaro a gasar yake ƙoƙarin ɓamɓare shi. Bayan cafewar ma saura yadi 24, an kayar da Eli sau ɗaya, aka kai yunƙuri na uku, kuma sai da aka ci su da jifa biyu masu kyau. Brady ya karɓi ƙwallo saura daƙiƙa 29 da hutun neman shawara uku a hannunsa, mutumin da ya saba kai ƙungiyarsa wurin bugu a irin wannan lokaci, sai Jay Alford, ɗan shekarar farko, ya ratsa tsakiya ya kayar da shi.

Injiniya, a kan Tuck ba zan yi jayayya mai tsawo ba, domin da an ba shi da na yi murna. Amma ka tuna masu tsaron nan sun gaji a kashi na huɗu, Patriots ta ci yadi 80 a kansu ta karɓi jagoranci, Welker yana cafewa yadda ya so har ya kai 11 a daren. A wannan kashin Eli ya kammala jifa 9 cikin 14, yadi 152, tacdawun biyu, ciki har da na yadi 45 ga Kevin Boss, wanda yake wasa ne kawai saboda Jeremy Shockey ya karye a ƙafa. A wasanni huɗun zagayen ƙarshe sau ɗaya aka ƙwace masa jifa, shi ma daga hannun mai cafewa ya tashi. Yaron da garin nan ya zaga a Nuwamba ya cancanci a kira sunansa.

Auwalu Fagge, Kano

Yaya Sabi'u, Hajiya, Injiniya, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sake kallon maimaicin wasan bayan karanta bayananku, wannan karon na daina bin ƙwallo da ido na riƙa kallon layin gaba, kuma na ga yadda mai lamba 72 da mai lamba 91 suke tura masu kare Brady baya tun daga farko. Na gane mai lamba 72 shi ne Umenyiora, mai lamba 91 kuma Tuck. Na kuma ga jifan da ya taɓa hannun Samuel, kuma na fahimci abin da ya sa Hajiya ba za ta manta da shi ba. Ina so in bi Giants daga farkon kaka mai zuwa. Yaushe ake farawa, kuma shin mutanen layin nan za su dawo tare?

Malam Sabi'u, Bronx, Niyok

A watan Satumba ake farawa, kuma al'adar 'yan shekarun nan ita ce mai riƙe da kofi ya buɗe kaka a gidansa a daren Alhamis, wanda zai kama tsakar dare a wurinku. Filinmu yana East Rutherford a jihar New Jersey, tsallaken kogin Hudson. Tuck ya sabunta kwantiraginsa a watan Janairu, Umenyiora ma yana nan. Wanda ake jira shi ne Strahan, mai lamba 92: shekararsa 36, ya yi kaka 15 duk a Giants, kuma ko a bara sai da ya ƙi zuwa sansanin horo yana tunanin ajiye wasa kafin ya dawo. Ɗayan abin da ke damuna shi ne Spagnuolo, domin Washington tana neman babban koci kuma tana zawarcinsa. In ya tafi, sai a sake koya wa masu tsaron sabon tsari tun daga bazara.